Saurayi a Bakin Taga: Gargaɗi a Kan Wayar Hannu da 'Ya'yanmu

Karatu: Ayyukan Manzanni 20:7-12

A wannan wata muna so mu yi tunani tare a kan wani saurayi wanda sunansa ya fito sau ɗaya kaɗai cikin Littafi Mai Tsarki. Ba a faɗa mana sunan ubansa ba, ko sana'arsa. Iyakar abin da aka rubuta a kansa ke nan: ya zauna a bakin taga, barci ya rinjaye shi, ya faɗi. Sunansa Aftikos.

Ga yadda abin ya faru. Manzo Bulus ya yi kwana 7 a birnin Taruwasa. A rana ta fari ga mako masu bi suka taru a wani ɗakin bene domin cin jibi tare. Da shi ke Bulus zai tashi washegari, ya ja maganarsa har dare ya raba. Luka, wanda ya rubuta labarin, ya lura cewa fitilu da yawa suna ci a ɗakin. Saurayin nan kuwa ya sami wuri a bakin taga ya zauna. Ana cikin sauraro sai aka ji faɗuwa daga hawa na uku. Da aka sauka aka ɗaga shi, ba rai. Bulus ya katse wa'azinsa, ya sauko, ya rungume yaron, Allah kuwa ya komo masa da ransa.

Wannan labari ya kusa shekara dubu biyu, amma kamar jiya aka rubuta shi domin gidajenmu na ƙasar Daura. Gama yau 'ya'yanmu da yawa suna zaune a bakin taga, dare ya yi nisa, mu kuwa muna ɗakin tare da su.

TAGA BA MUGUN ABU BA CE

Magini ya kan bar taga a bango domin iska da haske su shiga. Aftikos bai yi laifi ba da ya nemi iska, gama ɗaki cike ya ke da mutane da hayaƙin fitilu. Amma taga wuri ne na tsakani. Wanda ya zauna a kanta, rabinsa yana ciki, rabinsa yana waje. Kunnensa yana jin wa'azi, idonsa yana kan titi, a bayansa kuwa babu majingina.

A zamaninmu an kawo wata taga wadda a aljihu a ke ɗauke da ita, watau wayar hannu mai faɗin fuska. Tsofaffinmu sun tuna yadda kallo ya shigo ƙasar nan. Talabijin ya fara a Ibadan cikin 1959, ya iso Kaduna cikin 1962. Amma talabijin na wancan zamani yana da lokacin buɗewa da na rufewa, a wuri ɗaya ya ke, dukan gida a ke kallonsa tare, maigida kuma yana iya miƙa hannu ya kashe shi. Cikin 2001 wayar salula ta fara aiki a Nijeriya. Yanzu kuwa daga birnin Daura zuwa Zango, Sandamu, Baure da Mai'adua, har Kongolam a bakin iyaka, da wuya ka shiga kasuwa ba ka ga mai sayar da kati da mai cajin waya ba. Wannan taga ba ta da lokacin rufewa, yaro kuma ya kan shiga da ita cikin mayafinsa.

Kada kowa ya ce mun tashi yaƙi da waya. Alherinta a fili ya ke. Falke a Mai'adua yana jin farashin dabbobi a kudu tun bai ɗaura kaya ba. Uwa tana jin muryar ɗanta da ke Legas. Tun 2015 da kwamfuta a ke rubuta jarrabawar JAMB, saboda haka yaron da bai saba da waɗannan na'urori ba an bar shi a baya. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke cikin 1932 bayan wahalar shekaru, yau yana shiga cikin waya ɗaya. A watan Satumba na 2021, sa'anda gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, irin su Jibiya, Batsari, Ƙanƙara, Funtuwa da Malumfashi, ƙasar Daura ba ta cikinsu, amma mun ji irin wuyar da 'yan'uwanmu suka sha watanni. Ciniki ya tsaya, mutum ya kan yi tafiya mai nisa domin ya gaya wa danginsa an yi haihuwa ko an yi rashi.

Kowane yaron Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Magabata sun ce macijiya ce a ciki, ba ta barin mutane su ɗebi ruwa sai ranar Jumma'a, har baƙon nan Bayajidda ya zo ya kashe ta. Ku lura fa, mutanen Daura ba su cike rijiyarsu da ƙasa ba saboda macijiya, gama ruwan mai kyau ne, rijiyar tana nan har yau. Abin da ya dame su shi ne, wani abu dabam ne ya ke yanke musu lokaci. Tambayarmu ke nan a kan waya. A gidanka, wa ke yanke lokacin barci, da na karatu, da na addu'a? Kai ne, ko abin da ke cikin rijiyar?

YADDA BARCI YA KE RINJAYAR MUTUM

A harshen Helenanci da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, Luka ya mori kalma ɗaya sau biyu a aya ta 9. Da fari ya nuna barci yana ta jan saurayin ƙasa kaɗan kaɗan. Sa'an nan ya nuna barcin ya gama kada shi. Aftikos bai yi niyyar faɗuwa ba. Watakila ya yi ta gyangyaɗi yana farkawa, yana ce wa kansa yana nan daram. Haka jaraba ta ke. Hausawa sun yi hikima da suka sa kalma ɗaya ga abu biyu: gwajin da Shaiɗan ya ke kawo wa mutum jaraba ne, abin da mutum ya kasa bari kuma jaraba ne. Na farin ne ya kan haifi na biyun.

Ya kamata mu sani cewa ba a banza waya ta ke riƙe ido ba. Facebook, TikTok, Instagram da YouTube ba su karɓar kuɗin shiga daga hannun yaro. Daga masu talla su ke samun riba, gwargwadon daɗewar idon mai kallo gwargwadon ribarsu. Domin wannan suka ɗauki gwanaye su ƙera abin yadda zai yi wuyar ajiyewa. Ga tarkuna uku daga ciki.

Na ɗaya, akushi marar gindi. Littafi yana da shafi na ƙarshe, tatsuniya tana da ƙurunƙus, amma a waɗannan dandali kana gama majigi ɗaya wani ya hau, ba a tambaye ka ba. Wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin ne ya ƙirƙiro dabarar shafin da ba ya ƙarewa cikin 2006, daga baya shi da kansa ya fito fili ya nuna nadamarsa.

Na biyu, lada wanda ba a san lokacin zuwansa ba. Wani masanin halayya a Amurka, B. F. Skinner, ya gwada tantabaru. Ya ga idan tsaba tana faɗowa a lokacin da tsuntsu bai sani ba, ya fi nacewa da saran wurin, ba ya saurin fid da rai. Da wannan ne caca ta ke kama mutum. Yaro ya shafa waya sau goma bai ga kome ba, na goma sha ɗaya ya ga abin dariya, sai ya ce bari in ƙara ɗaya.

Na uku, yabon mutane. Kowane hoto da yarinya ta sa, ana ƙirga mata waɗanda suka yaba. Zuciyarta tana hawa tana sauka da wannan ƙidaya. Cikin 2017 Sean Parker, shugaban kamfanin Facebook na fari, ya faɗa a bainar jama'a cewa sun san suna cin moriyar wani rauni ne da ke cikin halin ɗan adam, suka kuwa yi.

Ƙari a kan wannan, likitoci sun nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa na goshi, wanda ya ke ce wa mutum ya isa haka, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya wuce shekara 20 da 'yan kai. Ashe yaro ɗan shekara 14 yana kokawa da manyan gwanaye na duniya, ƙarfinsa bai kawo ba. In ya faɗi, tausayi ya fi dacewa da shi bisa ga zagi.

YAYA ZA MU GANE AN KAI BAKIN FAƊUWA?

Ba kowane yaro mai waya ne ya kamu ba. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi jarabar wasannin waya da na kwamfuta cikin jerin cututtuka, jerin kuwa ya fara aiki a Janairu 2022. Ta ba da alamu uku. Mutum ya kasa mallakar lokacin farawa da na dainawa. Wasan ya hau gaba da sauran al'amuran rayuwarsa. Yana ganin ɓarnar, duk da haka yana ci gaba. Ta ce sai abin ya daɗe, galibi wata 12, ya kuma lalata zaman gida, ko karatu, ko aiki, kafin a kira shi cuta. Hukumar a kan wasanni ta yi magana, amma iyaye za su iya auna sauran kallon da wannan mudu.

Cikin 2024 reshen Turai na wannan Hukuma ya ba da sakamakon binciken yara wajen 280,000 masu shekara 11, 13 da 15 a ƙasashe da yankuna 44. Waɗanda dandalin sada zumunta ya zame musu damuwa sun ƙaru daga kashi 7 cikin 100 a 2018 zuwa kashi 11 a 2022, 'yan mata kuwa sun fi samari. Cikin 2025 wani bincike a Amurka da ya bi yara fiye da 4,000 har shekara 4 ya nuna cewa yawan sa'o'in kallo kaɗai bai nuna wanda ke cikin hatsari ba. Waɗanda suka kasa ajiyewa, masu shiga ƙunci in an raba su da ita, su ne aka fi samu da baƙin ciki da tunanin hallaka kansu. Waɗannan ƙidaya na wasu ƙasashe ne, amma wayar ɗaya ce, zuciyar yaro kuma ɗaya ce.

Saboda haka mu bi yinin yaro ɗaya mu gani, gama da 'ya'yansa a ke sanin itace.

Barci. Likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar sa'a 8 zuwa 10 kowane dare. Hasken waya yana jinkirta zuwan barci, abin da a ke kallo kuma yana hana hankali kwanciya. Yaron da ya ajiye waya ƙarfe 1 na dare, ya tashi ƙarfe 6, sa'a 5 ya samu. Ya ci bashin sa'a 3 a dare ɗaya, 21 a mako. A aji zai biya bashin, da gyangyaɗi, da mantuwa, da saurin fushi. Zabura 127 ta koya mana cewa barci kyauta ce daga wurin Allah. Kyautar nan ce a ke sacewa da fari.

Karatu. Hankalin da ya saba da majigi na rabin minti ya kan gaji da shafi guda na littafi. Yaro ya buɗe littafin lissafi, waya ta yi ƙara, ya duba, kafin ya komo ya manta inda ya tsaya. Ga manyan makarantu sun zo har ƙofar gidanmu, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri a Daura. Abin baƙin ciki ne a gina makaranta a garinku, ɗanka ya kasa shiga domin darensa ya tafi ga waya.

Aiki. Sa'a 4 kowace rana ta zama sa'a 1,460 a shekara, watau kwana 60 da ɗoriya, dare da rana. Damina a ƙasar Daura ba ta cika wuce wata 4 ba. Gero da wake da gyaɗa ba su jiran kowa. Wanda ya makara a noman fari, rumbunsa zai ba da shaida da kaka. Ƙuruciya ma damina ce, sau ɗaya ta ke zuwa.

Kuɗi. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda kamfanoni su ƙara farashin kira da na data har kashi 50 cikin 100. In yaro yana kashe naira 500 a rana, naira 15,000 ke nan a wata. Daga ina ta ke fitowa? Wani daga kuɗin tara, wani daga canjin cefane, wani daga buhun da ke ɗaki. Sa'anda cacar ƙwallo ta shiga wayar kuwa, ƙarya da sata suna biye da ita.

Zumunci. Dā da dare ya yi, kaka tana ba da tatsuniya, yara suna dandali da farin wata. Yanzu mutum biyar suna zaune a tabarma ɗaya, kowa ya sunkuya, ba mai ce wa wani kome. Baƙo ya yi sallama, yaro ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba.

Zuciya. Ubangijinmu ya kwatanta ido da fitilar jiki (Matiyu 6:22-23). Abin da ya shiga ta ido ba ya tsayawa a ido. Sarki Dawuda ya zauna gida a lokacin da ya kamata ya fita aiki, ya hau soro da maraice, kallo ɗaya ya jawo masa zina da kisankai da baƙin cikin gidansa (2 Sama'ila 11). Dawuda sai da ya hau soro. 'Ya'yanmu kuwa a kan gadonsu hotunan batsa su ke iske su, sau da yawa ba su ne suka nema ba.

Cikin 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, domin ya cinye samari da yawa a arewa. Wannan jaraba tana da kwalba, uwa ta kan tsince ta a bayan ɗaki ta gane. Jarabar waya ba ta da kwalba, ba ta da wari, sau da yawa ma uba ne ya saya da kuɗinsa, ya miƙa da murna.

FITILU DA YAWA, BA WANDA YA GANI

Me ya sa Luka ya ambaci fitilu? Ɗakin ba duhu. Duk wanda ya waiwaya zai ga saurayi yana gyangyaɗi a wuri mai hatsari. Mutanen kirki ne, masu son Maganar Allah, amma ba a rubuta cewa wani ya taɓa shi ya ce, ɗana, sauko ka zauna kusa da ni ba.

Ya ku iyaye, ku tuna da Eli firist. Ya ji labarin muguntar 'ya'yansa, ya yi musu magana, amma bai hana su ba, Allah kuwa ya ɗora masa alhakin (1 Sama'ila 2 da 3). Faɗa da baki kowace safiya ba tare da doka ba, aikin Eli ne. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku tuna kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ya ke shafa waya a kan tuwo, uwar da ta ke kallon fim jariri yana kuka, ba su da bakin hana yaro. Akwai ma mai miƙa wa ɗan shekara ɗaya waya domin ya yi shiru, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 2019 cewa kada a zaunar da yaro gaban kallo kafin ya kai shekara 2, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a rana.

Ya ku pastoci da dattawan ekklesiya, akwai namu rabon a labarin. Ekklesiyar da ta bar wa samari kujerar baya kaɗai, ba ta ba su aiki, ba ta san sunayensu ba, ita ce ta tura su bakin taga. Yaron da ba a tambayarsa kome a gida, ba a sauraronsa a majami'a, zai tafi inda a ke ƙirga masa masu yabo.

BULUS YA SAUKA

Ku ga abin da manzon ya yi. Bai tsaya a sama ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho ba. Ya bar wa'azinsa, ya taka matakala har ƙasa, ya rungume yaron. Bayan wannan ya hana mutane kururuwa. Ga tsarin aikinmu ke nan: mu sauka inda yaron ya ke, mu riƙe shi, mu bar ihu. Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Fasa waya da duka su kan koya wa yaro ɓoyewa, ya koma aron ta abokinsa.

Al'ummai sun fara farkawa. Faransa ta hana ɗalibai waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare cikin 2018. Cikin 2021 ƙasar Sin ta ƙayyade wa yara wasannin intanet sa'a ɗaya a ranakun Jumma'a, Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ostareliya ta yi doka cikin 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 manyan dandalin sada zumunta, dokar ta fara aiki 10 ga Disamba 2025. Amma dokar gwamnati ba ta shiga ɗakin kwana. Wannan aikin maigida ne da uwargida. Ga shawarwari bakwai.

1. Waya ta kwana a waje. Sa'a ɗaya kafin barci a tara wayoyin gida a wuri ɗaya a ɗakin iyaye. Wannan doka ɗaya ta kan gyara barci, karatu da hali gaba ɗaya.

2. Kada waya ta zo wurin cin abinci da wurin sujadar iyali. Ta maigida ce za a fara ajiyewa.

3. Kada ku yi gaggawar saya wa yaro babbar waya. In domin kira ne, ƙarama mai maɓallai ta isa. In domin aikin makaranta ne, ya yi da ta gida, a tsakar gida inda kowa ke gani.

4. Aiki kafin kallo. Ku zauna da yaron ku yanka lokaci tare, gama dokar da aka yi da shi ya fi kiyaye ta. Cikin wayar akwai wurin da ke nuna sa'o'in da aka ɓata, da wurin kashe ƙararrawar saƙonni. In ba ku iya ba, shi ya nuna muku.

5. Ku cika gurbin. Ubangiji ya yi gargaɗi a kan gidan da aka share aka bari wofi (Matiyu 12:43-45). A sa yaro koyon ɗinki, ko kafinta, ko gyaran waya kanta. A ba shi tunkiya ya yi kiwo, a ba shi kunya biyu a gona su zama nasa. Ƙungiyar matasa, ta mawaƙa da 'yan Sabon Rai su buɗe masa ƙofa, Zumuntar Mata kuma ta jawo 'yan mata kusa.

6. Ku yi azumin waya. Iyali su zaɓi yamma ɗaya a mako, ko ranar Lahadi bayan sujada, a kashe duka, a ziyarci marar lafiya, a gai da dangi.

7. In abin ya fi ƙarfin gida, yaro ya daina cin abinci, ya ƙi makaranta, ko ya fara maganar mutuwa, ku yi addu'a, ku kuma kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Luka da ya rubuta labarin nan likita ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabtanmu Musulmi suna kuka da wannan abu kamar yadda mu ke yi, 'ya'yanmu da nasu aji ɗaya su ke, gidan kallo ɗaya su ke zuwa. Mu yi shawara da su, da malaman makaranta, da mai unguwa, gama ɗa na kowa ne.

MAGANA GA SAMARI DA 'YAN MATA

'Ya'yanmu, ba mu raina ku ba. Kun fi mu sanin waɗannan na'urori, Ubangiji kuma yana so ya mori wannan sani naku. Amma ku ji abin da Bulus ya amsa wa mutanen Koranti sa'anda su ke fahariya da 'yancinsu (1 Korantiyawa 6:12). Ya ba su ma'auni biyu. Abin nan yana da amfani? Abin nan ya zama ubangidana? Kowa ya gwada kansa. Ka ajiye wayar daga fitowar rana zuwa fitowar rana. In ka iya da kwanciyar rai, ka gode wa Allah, ka yi ta tsaro. In hannunka yana ta lalube aljihu, ranka yana ɓaci ba dalili, to, ka san ka sami ubangida. Ka tambayi kanka kuma, da asuba wa ka ke fara gaisarwa, Mahaliccinka ko wayarka?

In akwai abin da ka ke kallo a ɓoye wanda ya sa ka ke jin kunyar yin addu'a, kada ka fid da zuciya. Yesu ya koyar cewa zunubi yana mai da mai yinsa bawa, Ɗan Allah kuwa yana 'yantarwa da gaske (Yohanna 8:34-36). Ya san abin da ke cikin wayarka, domin wannan ma ya mutu a kan gicciye. Ka faɗa masa. Ka nemi wani babba mai tsoron Allah wanda ka amince da shi, ke kuma ki nemi wata uwa cikin ekklesiya, ku faɗa musu. Jaraba a cikin duhu ta ke ƙiba. Yabon da ku ke nema wurin baƙi waɗanda ba su san ku ba, gobe zai koma kan wani. Allah kuwa ya ƙaunace ku tun ba ku yi kome ba.

Ma'anar sunan Aftikos ita ce mai sa'a. Sa'arsa ita ce, a daren da ya faɗi akwai wanda ya sauka dominsa. Aka komo da shi da rai, aka ci jibi, ekklesiya ta sami ta'aziyya mai yawa. Allahn da ya yi wannan a Taruwasa bai sāke ba. Amma ya fi kyau a kira yaro tun yana gyangyaɗi, da a ɗauko shi daga ƙasa. Yau da dare, kowane maigida ya waiwaya ya duba tagar gidansa.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka buɗe idanunmu mu ga wanda ke bakin taga. Ka ba iyaye hikima da haƙuri, ka ba samari da 'yan mata ikon Ruhunka Mai Tsarki su mallaki kansu. Ka ta da waɗanda suka riga suka faɗi. Ka sa albarka ga ƙasar Daura, da Sarkinta, da dukan mazaunanta. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.